Katakon Ƙarƙashin Jak

Baba da bakinsa ya kafa dokar, ba wanda ya sa shi. Ina tsaye a tsakar gidanmu na unguwar Shango a Minna ranar da ya faɗe ta, lokacin ko aure ban yi ba. Wata Lahadi ce da safe. Yayansa, wanda muke kira Baba Babba, ya fito fes zai tafi coci, ya hau babur ɗinsa, ya yunƙura zai miƙar da shi daga kan jak, ƙarfen nan na gefe da ake kafe babur da shi, ya kasa. Ya sake yunƙurawa, babur ɗin ya ɗan taso ya koma. Da ya matsa, sai babur ya rinjaye shi suka zube tare kusa da rijiya. Baba ya saki butar da ke hannunsa, ya ɗaga babur, ya ɗaga yayansa, ya kakkaɓe masa riga. Sannan ya zare makullin ya jefa a aljihunsa.

"Yaya, shi ke nan," in ji shi. "Ranar da mutum ya kasa ta da babur ɗinsa daga kan jak, ya gama hawa. Ko ni ne, in ranar ta zo a karɓe."

Baba Babba ya ɗauki hularsa daga ƙasa ya fita da ƙafa.

A gidanmu da yarenmu ake hira, da Hausa ake faɗa. Su biyun uwa ɗaya uba ɗaya suke, ɗaya coci ɗaya masallaci, kuma wannan bai taɓa haɗa su rigima ba. In salla ta zo tare ake cin nama, in Kirsimeti ta zo tare ake cin shinkafa. Makullin babur ne ya shiga tsakaninsu. Daga ranar Baba Babba bai ƙara yi wa ƙanensa yare ba. "Ina kwana." "Lafiya lau." Iyakarta ke nan, kamar maƙwabtan haya. Ɗansa ya tafi da babur ɗin garin da yake aiki, gonarsa aka ba wasu aro, shi kuma ya koma kan tabarma a gindin mangwaron ƙofar gida. Nan ya zauna har yanar ido ta rufe masa gani, ya zama da murya yake gane mai wucewa.

A lokacin na ba Baba gaskiya, kuma har yau ban ce ya yi kuskure ba. Titin da ya ratsa Shango manyan motoci ke binsa dare da rana. Wanda ƙafarsa ba ta iya riƙe babur ba shi da abin nema a kansa.

Shi Baba manomin doya ne. Gonarsa tana can gaba da kogin Chanchaga, in ka haye gada ka saki kwalta ka bi wata 'yar hanya mai kwazazzabai. Nisan ya fi ƙarfin ƙafa, keke mai ƙafa uku kuma ba ya shiga hanyar. Saboda haka in ba babur, ba gona. Tsohon babur ne ja, gwiwoyin Baba sun cinye fentin gefen tanki har ƙarfe ya fito yana sheƙi. Shi ke kai iri, shi ke kai taki, shi ke dawo da abin da aka haƙa. Kullum bayan sallar asuba sai Baba ya goge shi da tsumma kafin ya karya kumallo. Mama takan ce da za a ba shi zaɓi tsakaninta da babur ɗin nan, ba za ta jira amsa ba, kayanta za ta fara haɗawa.

Duk manomin da ke hawa babur ya san ƙasar damina ba ta riƙe jak. Ka kafe, ka juya baya, ƙarfen ya nutse, babur ya kwanta. Wasu faffaɗan dutse suke nema su sa a ƙarƙashi, wasu su take gwangwani. Baba guntun katako gare shi, daga wata tsohuwar kujerar Mama ya yanko. Ya huda shi ya sa masa igiya, ɗayan bakin igiyar yana maƙale a kan babur. In ya hau ya miƙe, sai ya jawo igiyar ya ɗauke katakon ba sai ya sunkuya ba. Na daɗe ina ganin katakon nan, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Sai shekarar da hawan jini ya taɓa shi. Ya kwanta asibiti 'yan kwanaki, ya tashi, bakinsa ya koma daidai, hannunsa ma haka. Ƙafar hagu ce ba ta dawo duka ba. Bai taɓa faɗa ba. Mu dai muna ganin bakin takalminsa na hagu ya fi na dama cinyewa, kuma in ya zauna tahiya sai ya miƙe ƙafar gefe. To, jak a hagu yake. Babur in an kafe shi hagu yake jingina, mai hawa kuma da ƙafar hagu yake tokare ƙasa ya ture shi ya miƙe. Iya jinginar babur, iya nauyin da ƙafar za ta ɗaga.

Lokacin na yi aure ina Tunga, ina da shagon ɗinki a bakin hanya. Wata Asabar na zo gida cikin bazara, zafin Minna yana dukan kai, ƙasa ta bushe ƙamas. Na tarar da babur a kafe a kan simintin tsakar gida, ga katako a ƙarƙashin jak. Bakina ba ya riƙe magana, tun ina ƙarama ake faɗa mini.

"Baba, yanzu siminti ma nutsewa yake yi?"

"Jak ɗin ne ya lanƙwashe, Uwata," in ji shi. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka shi da yayansa haka suke kirana.

Mama ta galla mini harara daga bakin murhu, na haɗiye sauran maganar. Da na sake zuwa, katakon ya zama biyu, an haɗe su da ƙusa. Nan na gane dabarar. In aka ɗaga ƙarƙashin jak, babur ya rage jingina, ƙafa ta rage aiki. Baba bai karya dokarsa ba, kewaye ta yake yi.

Muka shiga ɓoye wa Baba Babba maganar. Ba wanda ya ce a yi, kowa dai ya yi. Shi kaɗai ke da bakin da zai ce a kawo makulli, kuma mun ɗauka in ya sani zai rama. Tunda ba ya gani, sai muka bar shi a haka. Ni kam raina a rabe yake. Na sami Mama a kicin na ce gara a karɓi makullin nan kafin wata tirela ta karɓe mana mutum.

"Ga shi can, je ki karɓa," in ji ta. Ta ci gaba da fere doya, can ta nuna ƙofar gida da wuƙar. "Kin ga wancan? Duk unguwar nan ba wanda ya kai shi ta da kunya a gona. Yanzu sai an ce masa matsa, inuwa ta gusa. Haka kike so naku ya koma?"

Ban so ba. Ban kuma so a kira ni a waya a ce in zo bakin titi ba. Na koma Tunga da duka biyun a zuciyata.

Wata ranar Talata ina kan keken ɗinki sai ga Baba a ƙofar shagona. Bai taɓa zuwa ba, ko ranar da na buɗe shagon saƙon addu'a ya aiko. Na miƙe, na share masa kujera, na aika a sayo kunun aya mai sanyi. Ya karɓa ya kurɓa sau ɗaya, sannan ya ce, "An ce akwai mai walda a kusa da ke."

Ni da na ɗauka 'yarsa ya zo gani, ashe ƙarfe ya kawo. Masu walda sun cika Shango, amma a Shango kowa ya san shi, kuma magana ba ta wuyar kaiwa gindin mangwaro.

Mai waldar maƙwabcina ne, mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a Minna har furfura ta fito masa a nan. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" yake ce mini. Ya tsuguna ya duba jak ɗin, ya naɗe shi ya ware, ya girgiza shi.

"Baba, jak din nan ba komai da shi. Lafiya lau ne."

"Ya lanƙwashe."

"Bai lankwasa ba. Duba da kanka."

"Ni nake hawa ko kai?"

Mai walda ya ɗago kai. Ya kalli Baba, ya kalli takalminsa na hagu, ya kalle ni. Ya tona cikin tarkacensa ya zaro wani faffaɗan ƙarfe mai kaurin yatsa, ya yanka daidai tafin jak, ya sa baƙin gilashinsa ya liƙa. Da ya huce aka kafe babur, sai ga jinginar ta ragu. Baba ya hau, ya tokare ƙafa, babur ya miƙe ba gardama. Ya mayar da shi, ya sake ta da shi, ya sake, don daɗi kawai. Rabon da in ga irin murmushin nan a fuskarsa tun kafin asibiti. Na yi murna, kuma tsoro ya kama ni a lokaci guda.

Ƙarfen ya kai shi ƙarshen shuka. Wajen tsakiyar damina ya dawo, wai jak ya sake lanƙwashewa. Wannan karon mai walda ya yi turjiya. Ya ce tafin ba zai ɗauki wani ƙari ba, sai dai a yanke jak ɗin a tsakiya a ƙara masa tsawo. Baba ya ce a yanke. Aka yanke, aka sa guntun rodi, aka liƙe. Da aka kafe babur, sai da ka matso za ka gane jingine yake. Mai walda ya sa yatsa biyu ya ɗan tura shi ta dama, muka ga yadda ya yi rawa kafin ya koma.

"Baba, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Nan siminti ne, kuma ba kaya. In ka dora kaya, bayan mashin zai zauna kasa, jak ba zai zauna ba. Zai tura shi ta dama. Kar ka daura kaya yana kan jak. Ka samu mutum ya rike maka."

"Tun kafin ka zo garin nan nake ɗaure kaya," in ji Baba.

Da ya tafi, mai walda ya leƙo shagona yana goge hannu da tsumma. "Anti, kai ma ka gani. Daga nan ba kari kuma. In ya sake zuwa, ba zan yi ba." Na ce na ji. Ɗinkin da na yi ranar sai da na farke shi washegari.

Lokacin sabuwar doya abin ya faru. Bayan la'asar Mama ta kira ni. Baba ya fita tun safe zai haƙo ta fari, ya ce kafin azahar yana gida, ga shi har yanzu shiru, wayarsa tana shiga ba a ɗauka. Ban ko rufe shago da kyau ba, na tare ɗan acaba. Duk hanya idona yana gefen titi, duk inda na hango mutane sun taru sai gabana ya faɗi. Muka wuce Shango, muka haye gada, kogin ya cika ya yi ja. Muka saki kwalta muka shiga taɓo.

Daga nesa na hango jan tanki a ƙasa. Babur ɗin yana kwance ta dama a bakin gona, jak ɗin nan mai tsawo ya miƙe sama, ƙasa ta jiƙe da fetur. Baba yana zaune a gindin kaɗanya. Bai ji ciwo ba. Ya kwance buhun da ya kada babur ɗin, ya jera doyar a inuwa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, waɗanda suka karye ya shafa musu ƙasa a bakin karayar. A jikin laka kusa da babur na ga sawun gwiwoyinsa da na tafin hannunsa, wuri-wuri, inda ya yi ta gwadawa.

"Baba, tun yaushe?"

"Ban daɗe ba."

Tabon lakar da ke rigarsa ya bushe har ya fara tsagewa.

"Ba wanda ya wuce?"

"Sun wuce."

Masu gonakin gefe duk mutanen Shango ne. Sun wuce sun yi masa sannu da aiki, sun ce ko a ɗaga masa, ya ce su bar shi, gyara yake yi. Haushi ya turnuƙe ni, na buɗe baki zan zazzage masa duk abin da na tara tun bazara. Sai na ga hannunsa yana rawa a kan gwiwarsa, ya kuma lura na gani, ya ɗora ɗayan a kai. Na juya baya kamar ina duba doya, hawaye suka zubo.

Ɗan acaban da ya kawo ni ya kama babur ɗin ya miƙar da shi a yunƙuri ɗaya. Ya duba jak ya yi tsaki. "Baba, wane mugun ne ya lalata maka wannan?" Aka riƙe wa Baba ya hau, ya buga sau da yawa kafin injin ya kama. Muka ɗaure doyar a bayan ɗan acaba, na hau na matse, muka bi shi a baya.

Da muka iso Shango bai karya kwanar gida ba. Ya miƙe sambal. Na ce wa ɗan acaba ya bi shi, har muka tsaya a ƙofar mai walda a Tunga. Mai walda ya ga lakar da ke gefen dama na babur, ya fara girgiza kai.

"Baba, na fada wa Anti, ba zan kara ba."

"Ba ƙari na zo ba. Cire abin da ka sa. Duka."

"Har na kasa?"

"Har shi. Mayar da shi yadda ka same shi."

Ya yanke rodin, ya haɗa jak ɗin a inda yake da, ya ɓamɓare ƙarfen tafin. Da aka kafe, babur ya koma ya jingina irin jinginarsa ta asali, wadda na sani tun ina yarinya. Baba ya zaro katako daga aljihu, na ɗauka sawa zai yi, sai ya miƙo mini. Ya hau. Ya gyara zama, ya tokare ƙafar hagu, ya tura. Babur ya ɗan taso ya koma. Ya sake, jijiyoyin wuyansa suka fito, takalminsa ya zame a kan siminti. Mai walda ya kai hannu zai taimaka, Baba ya ce, "Bari." Ya yi na ƙarshe, babur ko motsi bai yi ba. Ya ɗan zauna a kai, hannuwansa biyu a kan tanki. Sannan ya sauko ya zare makulli.

Muka bar babur a shagona, muka shiga keke mai ƙafa uku. Baba ya zauna a gefe yana kallon titi, doyarsa a ƙafafunmu. Ban taɓa ganin sa a cikin keke ba sai ranar.

Ana dab da magariba muka isa. Baba Babba yana kan tabarmarsa a gindin mangwaro. Baba bai shiga gida ba. Ya ƙarasa gabansa ya durƙusa da ƙyar, ya ajiye makullin a kan tabarma.

"Yaya, ga shi."

Baba Babba ya laluba ya ɗauka, ya juya shi a hannu. Sannan ya yi magana da yare, karo na farko tun ranar rijiya.

"Ina katakon?"

Baba ya ɗago kai. Ni ma na daskare a inda nake tsaye, katakon yana cikin jakata.

"Kullum da safe ina jin sa," in ji Baba Babba. "Kwas a kan siminti. Daga baya ya yi nauyi, na ce ya zama biyu. Daga baya na daina ji, na ce an je wurin mai walda. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

"Ka sani, ba ka ce komai ba?"

"In ce me? In ce a karɓe?" Ya ajiye makullin a gefensa. "Ni na san tsawon yini a nan. Duk safiyar da na ji ka tashe shi ka fita, sai in ce to, yau ma ya tsira."

Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi. Baba Babba ya matsa gefe ya buga tabarmar da tafin hannu, Baba ya zauna kusa da shi. Na shige gida, don ba abin da ya kamata 'ya ta tsaya kallo ba ne. Mama na tsaye a bayan ƙofa, ta ji komai, bakin zanenta a fuskarta.

Na kwana a Shango ranar. Da asuba na ji Baba ya dawo daga masallaci, ya ɗauko tsummansa daga kan igiya yadda ya saba, ya nufi inda babur ke kwana. Ya tsaya a wurin, ba komai sai ɗigon baƙin mai a kan siminti. Ya daɗe a tsaye da tsumman a hannu. Sauran doyar tana can cikin ƙasa ba a haƙa ba, kuma duk mun san ba shi zai haƙa ba.

Daga ƙofar gida Baba Babba ya kira shi da yare.

"Taho da kujera in kana so. Tabarma tana sa ciwon baya kafin a saba."

Baba ya ninke tsumman, ya mayar kan igiya, ya ɗauki kujera ya fita.